Tudun da Waya Ke Kamawa

Tumaki dubu biyu ba a ƙirga su ɗai-ɗai, Nelida.
Baƙaƙen ake ƙirgawa,
kowace baƙa tana tsaye a madadin ɗari.
In ashirin sun cika, sai in ɗora tukunya.
Haka nake yi da kwanaki:
Lahadi kaɗai nake ƙirgawa,
sauran farare ne, su bi garke su wuce.

Ran Lahadi nakan bar wa Chispa tsaro,
in hau tudun nan da ko inuwa babu.
Duk faɗin duwatsun Idaho nan kawai wayata ke kamawa,
nan ɗin ma sai na ɗaga hannu sama
kamar mai rantsuwa a gaban alƙali.

Sa'a ɗaya tak ke tsakanin agogona da naki.
Sa'a ɗaya!
Amma a cikinta akwai jirgi uku,
da motar dare daga Lima,
da takardar shekara uku da na sa wa hannu
ban gama karantawa ba.

Kin turo hoton ginin.
Bulo ya kai ƙugun ƙanenki Efrain,
watan jiya ma a ƙugunsa yake.
Ko magini ne ke barci, ko yaron ne ke tsawo.
Na ga zoben a wuyanki, rataye da jan zare.
Kin ce sanyin Jauja ya ramar da yatsa,
kina tsoron ya faɗi a gonar dankali.
Na ce to.
Na kwana ina tuƙar maganar kamar tsohuwar tunkiya.

Lahadin bikin Santiago na kira sau tara.
Sau tara wata baƙuwar murya ta ba ni haƙuri.
Na sauko na yi wa kare tsawa ba laifin tsaye ba na zaune,
na ƙona shinkafa.
Kafin dare zuciyata ta ƙera wani namiji,
ta saya masa malafa, ta gyara masa gashin baki,
ta koya masa rawar da ban iya ba,
ta miƙa masa hannunki.
Ashe saniyar babanki ce haihuwa ta zo wa a gicciye,
kika kwana a turke da fitila, hannu dumu-dumu.
Kin raɗa wa maraƙin sunana.
Kin ce Teofilo ƙarami ma da kuka ya fara,
ba a taɓa shi ba.
Na ci wannan, ban nemi ruwa ba.

Akwai abin da ban faɗa miki ba.
Ran Laraba maigida ya kawo gari da gishiri da tukunyar gas,
ya jingina da mota, ya ce in ƙara shekara biyu.
Na yi lissafi da tsinke a ƙasa:
kwanon rufi, ƙofa, injin saƙar da kike so.
Na share da takalmi.
Da safe na sake rubutawa.

Makiyayan da suka riga ni
sun sassaƙa sunaye a jikin fararen itatuwan nan.
Itacen ya yi ƙiba, haruffan sun buɗe, sun yi baƙi.
Ban san ko masu sunan sun jira ba.
Naki ɗanye ne tukuna, yana tsattsafo da ruwa.

Yau kika tambaye ni,
tagar ɗakin, gabas za ta duba ko wajen kogi?
Na buɗe baki, iska ta juya, waya ta ɗauke.
Na tsaya hannu a sama har kafaɗa ta yi tsami.
Can ƙasa baƙaƙe goma sha tara nake hange,
dole in sauka.

Ki sa ta inda kika ga dama, Nelida.
Ki dai bar ta babba,
yadda mai tahowa da jaka zai gan ki tun daga gada.